Kalmar da Gudiya Ta Daka a Turmi

Ni Balaraba, Allah ya haɗa ni da yayye biyu maza, kuma da a ce ana mayar da yayye kasuwa a canjo wani abu, da tuni na kai su na karɓo ko awaki ne. Buba shi ne babba, yana zaune a Maiyama yana fataucin hatsi. Alu ke bi masa, shi ya riƙe gidanmu na gado a Kashin Zama, wajen Aliero, yana noman albasa. Ni ce auta. Aure ya kawo ni unguwar Jega Magaji, sai na zama a tsakiyarsu, kowa ya kwaso fushinsa ya zo ya sauke a ƙofata.

Abin da ya raba su, ko yaro ya ji sai ya yi dariya. A wajen wani suna ne a Kashin Zama, maza sun cika ƙofar gida, Buba ya ɗauki albasa ɗaya daga cikin ta Alu, ya jujjuya ta, ya ce irin ya gaji, gara a nemo sabo. Irin nan kuwa na mahaifinmu ne, Alu ke adana shi tun rasuwarsa. Alu ya ce wanda ya gudu ya bar gona ya koma awon hatsin mutane ba shi da bakin magana a kan iri. Buba ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce ba zai sake taka gidan ba sai an aika an kira shi. Alu ya ce in dai shi ake jira ya aika, to Buba ya nemi wuri mai inuwa ya zauna. Da a cikin ɗaki suka yi, da kwana biyu an manta. Amma a gaban jama'a suka faɗa, kuma dukansu sun gado taurin kan Baba.

Muna ƙarƙashin Sakkwato aka yi wannan rigima. Har aka yanke mana jihar Kebbi, ma'aikata suka yi ta kwasar kaya suna komawa Birnin Kebbi, komai ya sauya, su biyun nan suna nan yadda suke. Babu irin dabarar da ban yi ba. Na taɓa cewa marigayiya Innarmu ta zo mini a mafarki tana kuka saboda su. Na faɗa da ƙaramar salla aka yi shiru, na sake faɗa da babbar salla, sai Buba ya ce Inna ta cika son Jega, ko sau ɗaya ba ta leƙa Maiyama ba. Tun daga nan duk abin da na kai masa sai ya rage rabi kafin ya saurara.

Da tasu ce kaɗai, da na bar su sun tsufa a haka. Sai ga maganar auren Raihanatu. Ita ce 'yar farin Alu, kuma a ɗakina take zaune tana karatun aikin lafiya a nan Jega. Wani malamin firamare, Zaharaddini, ya gan ta ya ce yana so, ita ma ba ta ɓoye mini ba. To a wajenmu uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa. Ɗan'uwansa ne waliyyi, wajensa dangin miji ke zuwa gaisuwa, shi zai zauna gaban liman ya ce ya bayar. Dangin Zaharaddini suka tambayi inda za su sami Bappan yarinya, aka ce su ɗan dakata. Suka sake tambaya, aka sake cewa su dakata. Sai na fara jin ƙishin-ƙishin cewa wata gwaggonsa tana tambaya wane irin gida ne wannan da wa da ƙane ba sa ga maciji.

Muka je Kashin Zama da maganar, Alu ya ce ai liman ma yana iya walicci. Da muka dawo Jega Raihanatu ta kifa kai a cinyata ta yi kuka. Buba ne ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta, shi ya zaɓa mata suna. Ta ce in wani ya ba da ita alhali Bappanta yana raye, har ta mutu za a riƙa nuna ta da shi a gidan miji. Ranar na ji tausayin yarinyar nan ƙwarai, na kuma ji haushin yayyena fiye da kullum.

Ana cikin haka gwiwar Alu ta fara ciwo. Wannan ma labari ne, domin Alu mutum ne da ban taɓa ganin ya kwanta ko da mura ba. Da yake mutumin Aliero ne, garin da ya yi suna a ɗori, wajen masu ɗori ya fara zuwa. Suka lallatsa, suka ja, suka ce babu karaya babu targaɗe, ya tafi ya ba masu karaya wuri. Raihanatu ta matsa masa har ya yarda ya zo Jega ganin likita. Da suka fito suka biyo ta gidana cin abinci, Alu yana ɗingishi yana mita, wai likita ya faɗi wani suna mai tsawo kamar igiyar rijiya, a ƙarshe kuma ya ba shi ƙwayoyi da man shafawa kawai.

Na ce da Raihanatu ta faɗa mini sunan. Ta faɗa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na ce mene ne shi da Hausa?

Ta ce, “Sanyin ƙashi na kawai, Gwaggo, irin na manya. Shi rage tsuguno, shi riƙa shahwa mai.”

Sanyin ƙashi! Wace tsohuwa ce a Jega ba ta da shi? Amma sunan nan na Turanci bai bar kunnena ba. Ina wanke kwanuka bayan Alu ya tafi sai abin ya faɗo mini. Buba ya ce ba ya zuwa sai an kira shi, Alu ya ce ba ya kira. To ai dubiya ba a gayyata. Ba wanda ke aika wa mutum ya zo ya duba mara lafiya. Ji kawai za ka yi ka ɗauki takalminka, kuma ba wanda zai ce ka karya maganarka. Matsalar ɗaya ce: in aka je aka ce wa Buba ƙanensa na sanyin ƙashi, cewa zai yi Allah ya sawwaƙe, ya ci gaba da awo. Sai dai a kai masa sunan nan mai nauyi, a ajiye masa shi ɗungurungum.

Saura wa zai kai. Ni dai an riga an san ni da ƙarin gishiri. Raihanatu kuwa kunya ba za ta bar ta ta tsaya gaban Bappanta ana maganar aurenta a gari ba. Mutum ɗaya ce Buba zai yarda da ita ko me ta ce, ita ce Gudiya, matar Alu, uwar yarinyar. Duk danginmu an san Gudiya ba ta ƙarya, ba ta ko ƙarin gishiri, har abin yana ba ni haushi wani lokaci. Mace ce mai alkunya irin ta da. Shekara da shekaru tana gidanmu ban taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba, 'yar farinta kuwa “ke” take ce mata, ko “yarinyar ga”.

Aka yi dace Alu ya ba ta izinin zuwa Jega ta kwana biyu a wajena mu sayi kwanukan jere. Na zaunar da ita na zayyana mata.

Ta ce, “Ni ban yi ma Yaya ƙarya.”

Na ce, “Wa ac ce ki yi ƙarya? Sunan da likita yab ba ciwon za ki hwaɗi. Ko likita maƙaryaci na?”

“In yat tambaye ni mi an nuhinai da Hausa, sai na hwaɗa mai.”

“To ki yi addu'a kak shi tambaya.”

Da haka ta yarda, kuma na san don 'yarta ta yarda, ko da yake ba za ta taɓa furta haka ba.

Washegari da hantsi aka buɗe makaranta a tsakar gidana. Raihanatu ce malama, ta zauna nesa kaɗan da uwarta, kowa na kallon wani wuri daban. Ta faɗi kalmar gaba ɗaya. Gudiya ta buɗe baki ta kama farkonta, tsakiyar ta kufce, ta ƙarasa da salati.

Raihanatu ta ce, “Ba a haɗiye ta ɗungum, Inna. Mu ma haka anka koya muna a makaranta. Yanka ta aka yi gunduwa-gunduwa. Shida ta. Os. Ti. Yo. A. Trai. Tis.”

Ukun farko ba su ba da wahala ba. Ta huɗu ma buɗe baki ce kawai. A ta biyar aka ci karo. Gudiya ta ce “tirai”. Raihanatu ta ce babu “ti”, a haɗe ake faɗa, kuma a nan ake danna murya. Gudiya ta sake cewa “tirai”. Ta ce ita bakinta bai san a jera baƙi biyu ba a ba su wurin numfashi ba. Sai Raihanatu ta ƙara ɓata lamarin, ta ce ai su Turawa ma ba “t” sosai suke yi a wurin ba, harshe suke ɗan turowa tsakanin haƙora su hura iska. Ta gwada mana.

Gudiya ta dube ta ido da ido, abin da ba ta saba yi ba.

“Ke! Ni in hiddo ma wan mijina halshe tsakiyar kasuwa? Abin da aka koya muku ke nan?”

Na yi dariya har na riƙe ciki. Aka yafe maganar harshe, aka kuma yafe mata “tirai”, kalma ta koma gunduwa bakwai a bakinta. Amma ko da haka ba ta zaunu ba. In ta riƙe kai sai wutsiya ta gudu. In ta yi sauri ta tsallake “yo”, in ta yi a hankali ta manta inda ta tsaya. Har azahar muna abu ɗaya, Raihanatu ta tafi makaranta ranta a jagule.

Da la'asar muka zuba gero a turmi za mu yi fura. Ni da Gudiya muka ɗauki taɓare muna lugude, ita ta saki ni in saki. Can sai na ji tana motsa baki. Ta buga ta ce “os”, na buga, ta buga ta ce “ti”. Na ce ci gaba. Kowace gunduwa da bugunta, da ta zo kan “rai” ta ɗaga taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe ta sauke da ƙarfi, sannan ta rufe da “tis”. Ta kai ƙarshe ba tuntuɓe. Muka sake. Muka yi ta yi har geron ya wuce garin fura ya kusa zama toka. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta tambaya wace sabuwar waƙar daka ce wannan, na ce ta mutanen Aliero ce.

Ranar kasuwar Jega, wadda Buba ba ya fashinta, muka yi shiri tun da safe. Gudiya ta yafa mayafinta na unguwa, tana tafe tana bubbuga cinyarta da yatsa, bakinta na motsi. Muka ratsa 'yan kabu-kabu da bas-bas ɗin da ke sauke mutane, muka wuce kara inda ake cinikin shanu, muka shiga layin 'yan hatsi. Can muka hango Buba a kan buhun dawa, ya miƙe ƙafa ɗaya har tana tare hanya. Na ce a raina, ji mutumin nan, zama ma sai ya yi na isa.

Gudiya ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi. Ya amsa da fara'a, domin ita bai taɓa haɗa ta da laifin mijinta ba. Ni kuwa ya ce mini, “Balaraba, Inna ta sake zakkuwa?” Na haɗiye amsar da ta zo mini, saboda ranar ba ranata ba ce.

Ya tambayi yara, ya tambayi albasa bana, ya tsallake mutum ɗaya kamar yadda ya saba. Gudiya ta ce, “Yaya, ƙanenka ba shi jin daɗi. An kai shi ga likita.”

Hannunsa na cikin dawa, sai ya tsaya. “Mi anka ce yana damunai?”

Na ga yatsunta sun dunƙule a kan gwiwarta. Ta runtse ido, ta fara bugawa a hankali.

“Os, ti, yo, a, ti, rai, tis.”

Ta faɗe ta tsaf, ta danna a inda ake dannawa. Wani mai sayen gero da ke gefe ya ce, “Subhanallahi!” Wani ya ce bai taɓa jin irin wannan ba, Allah ya raba mu da ciwon zamani. Buba ya dubi Gudiya, ya dube ni. Ina jira ya tambayi ma'ana komai ya rushe. Bai tambaya ba. Sai ya dafa buhu ya miƙe da ƙyar, ya ce da maƙwabcinsa ya kula masa da kaya.

Ya ce, “Ku tashi mu tahi. Ba a jin wanga a zamna.”

A motar Aliero shi yana gaba kusa da direba, mu muna baya tsakanin buhunan taki. Ni murna nake kamar in yi guɗa. Gudiya kuwa fuskarta ta ƙi sakuwa. Ta raɗa mini cewa ta ga yadda ya miƙe jiki ba ƙwari, ta tayar wa dattijo hankali a banza, Allah zai tambaye ta. Na mintsine ta na ce ta bari mu isa tukuna, in ya so Allah ya tambaye mu tare. A Aliero ya saya wa mara lafiya lemo da goro, muka sami wata akori-kura zuwa Kashin Zama.

Abin da ban lissafa ba shi ne Alu. Ba mu gaya masa komai ba, don da ya sani da ya hana. Ina ta fatan mu same shi a kwance, ko aƙalla a kishingiɗe. Ina! Muna karyo kwana muka same shi a ƙofar gida kusa da rudu, rumbun da yake ajiye albasarsa, ya tuɓe riga, yana zaune a tabarma yana tsince ruɓaɓɓu yana jifa da su, yana kuma yi wa akuyar maƙwabta faɗa da murya kamar mai kiran salla. Ga kwanon tuwo a gefensa an suɗe shi tas. Ko makaho ya ji muryar nan ya san mai ita ba yau zai mutu ba.

Ya ɗago kai ya ga wansa. Albasar da ke hannunsa ta faɗi. Maƙwabta da ke zaune a gindin bedi, wato dogon yaro, suka zuba ido, domin wasu cikinsu suna wurin ranar da aka yi rantsuwar.

Buba ya yi sallama. Alu ya amsa ciki-ciki, sannan ya ce, “Ni dai ban aika ba.”

Buba ya ce, “Ba ka aika ba. Dubiya niz zaka. Ana kiran mutum dubiya?”

Wani tsoho daga gindin bedi ya ce, “Ba a kira.” Sauran suka ce haka ne. Alu ya ja tabarma gefe ya matsa, Buba ya ajiye lemo ya zauna. “Ya jiki?” “Da sauƙi.” “Allah shi ƙara sauƙi.” “Amin.” Kowa ya koma kallon albasa. Ni ina bakin zaure ina addu'a a bar shi haka, ko nan aka tsaya an ci riba.

Sai Gudiya ta ɓata mini shiri. Ta riga ta shige zaure, sai na ga ta dawo ta durƙusa a bakin ƙofa.

“Yaya, ka yi mani gahwara. Sunan da nih hwaɗa maka gaskiya na, haka likita yac ce. Amma sanyin ƙashi na kawai a gwiwa. Ban iya barinka da tashin hankali.”

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na dubi Alu, fuskarsa ta fara haɗewa, ya gane an yi abu a bayansa. Na dubi Buba, na ce shi ke nan, yanzu zai kaɗe riga karo na biyu, wannan karon kuwa har da auren Raihanatu za a kaɗe. Raina ya ɓaci da Gudiya sosai a lokacin, na ce a zuciyata gaskiyar da ba ta san lokaci ba ita ma ciwo ce.

Buba bai tashi ba. Ya miƙe ƙafarsa ta hagu, wadda ya tare hanya da ita a kasuwa, ya naɗe wando a hankali har sama da gwiwa. Gwiwar a kumbure take, an ɗaure ta da tsumma, ga warin man zafi ya tashi.

Ya ce, “Os, ti, yo, as, rai, tis. Tun bara likita yab ba ni nawa. Kahin ki ruhe baki a kasuwa na san abin da kika nuhi, Gudiya. Tashi, ba ki yi laihi ba.”

Ya juya wajen ƙanensa, bai dube shi sosai ba, albasa yake kallo.

“Shekara nawa ina jiran ka yi ko mura in samu hanyar gidan ga. Kai ko lahiya kamar jaki.”

Na zaci Alu zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ƙura wa gwiwar wansa ido. Da ya yi magana, muryar da ke korar akuya ɗazu ta yi ƙasa.

“Tun bara? Tun bara kana da shi, kab ɓoye? Ni ba ni da ƙahwar zuwa Maiyama dubiya?”

Buba ya ce, “Ban so a ce na yi ciwo don a zaka.”

Nan na ji hawaye sun zubo mini, na kuwa bar su, domin na daɗe ina bin su bashin kukan nan. Gudiya ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ciki. Tsofaffin gindin bedi suka shiga gyaran murya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Alu ne ya fara farfaɗowa. Ya share fuska da bayan hannu, ya ce, “Kuma ba haka aka hwaɗinai ba. Ba ‘as’ ciki. Ositiyo, aturaitas.”

Buba ya ce, “Kai da kas same shi jiya za ka koya mani? Na riga ka da shekara guda.”

“Ɗiyata ka karatun abin ga!”

“Ɗiyarka? Wa yay yi mata huɗuba?”

Suka kaure, wannan na yanka kalma nan, wancan na yanka ta can, kowa na buga tabarma da hannu yana ƙirga nasa. Aka kira Gudiya ta raba gardama, ta ce daga cikin gida ita ta faɗa sau ɗaya, ya ishe ta har lahira. Ana cikin musun ne Buba ya ce a gaya wa mutanen malamin nan su same shi a Maiyama, ya gaji da jin labarin auren 'yarsa a bakin direbobi. Ya faɗa kamar abin da ba komai ba, ya koma kan “as” ɗinsa. Kafin ya tafi ya ɗauki albasa ɗaya ya jujjuya, na riƙe numfashi. Ya jefa ta aljihu bai ce uffan ba.

Da na koma Jega na ba Raihanatu labari, ta yi kuka ta yi dariya a haɗe. Na faɗa mata yadda kowannensu ke yanka kalmar, na ce wa ya fi daidai? Ta ce duka biyun sun yi nisa da hanya, ta Innarta ce ma ta fi kusa, amma don Allah kar in gaya musu. Ban gaya musu ba har yau, kuma wannan ne karo na farko da na riƙe magana a cikina.

Bayan an kwashe albasa, kafin azumi, aka ɗaura aure a ƙofar gidanmu a Kashin Zama. Ina leƙe ta zana. Buba na gaban liman, Alu na bayansa kaɗan yadda uba ke yi, ya sunkuyar da kai kamar ba 'yarsa ba. Duk jama'a sun tanƙwashe ƙafa, su biyun ne kawai suka miƙe tasu, Buba ta hagu, Alu ta dama. Na ji Buba ya ce ya bayar, aka shafa fatiha. Da aka watse kowa ya miƙe ya bar su a zaune, sai Alu ya dafa ƙasa ya tashi da ƙyar, ya tsaya ya daidaita, sannan ya miƙa wa wansa hannu ya ɗago shi.